Azarar da ba ta karɓar ƙusa

Nyanya, daren Laraba, Maris 1968

Yau aka sauke rufin ɗakin marigayi Baba. Azarar giginyar da na taso ina kallo daga kan tabarma, ga ta zube a tsakar gida, hayaƙi ya mai da ita baƙa ƙirin.

Farin katakon da na sayo a Keffi ba nauyi, bugu biyu ƙusa ta shige. Ɗanladi kafinta ya shafe shi da baƙin mai saboda gara. Na sa ya ƙara shafawa, don hankalina bai kwanta ba.

Inna ta ɗaga katako guda da hannu ɗaya, ta taɓe baki. "Wannan ne zai riƙe mana kwano?"

Ɗanladi ya yi dariya. "Inna, ai azara taurin kai gare ta, lanƙwasa ƙusa take yi."

"Haka mai ɗakin yake, Allah ya jiƙansa." Ta daɗe tana shafa azarar.

Na ce a mayar da azara guda bisa ƙofa, Ɗanladi ya ce ba za ta zauna ba, na ce to. Ni farin katako ne, kowa ya buga ƙusa sai ta shige. Amma gobe azarar nan sai ta hau.