Ina Can Gefen Ƙwaryar, Inda Babana Ya Zauna

Assalamu alaikum jama'ar gida. Admin a sakaya sunana, don Allah ku ba ni shawara.

Ni tsoho ne, a unguwar Asawase ta ƙasar Ghana aka haife ni, na yi kanikanci a Magazine, unguwar masu gyaran motoci, har ƙarfi ya ƙare. 'Yata malamar lissafi ce, kwanaki ta zo tana shirya darasi, ta zana wani abu kamar ƙwarya a kife, wai haka kallon talabijin ɗin mutane yake, yawanci suna tsakiya, kaɗan ne a gefe da gefe, kuma da zanen ake ƙiyasta ko mutum nawa za a samu a kowane wuri. Ta tambaye ni awa nawa nake kallo, na rage na faɗa mata, duk da haka can bakin ƙwaryar ta ɗiga ni, tana dariya wai irina sai an tona. Na tambaye ta ko na gefen nan marasa lafiya ne, ta ce lissafi yawansu kawai ya sani, bai san dalili ba.

Ni kuwa sai babana ya faɗo mini a rai. Ina yaro, kafin a ba Ghana mulkin kai, aka kafa mana akwatin rediyo mai waya a bango. Kowa ya saurara ya tashi, ban da babana. Ya bar fataucin goro, ya tare a gindin akwatin, har bayan an rufe tasha yana zaune yana gyaɗa kai, wai da shi ake magana. 'Yan'uwansa suka ce iska ce, mamata ta yi rigima da su har ta gaji, suka tafi da shi arewa wajen mai magani. Ko kabarinsa ban sani ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba, satin da ya wuce an ɗauke wuta da rana tsaka, ban lura ba, ina zaune ina jin labarai sarai, har mai karantawa ya gaishe ni. Sai da maƙwabciya ta shigo tana mitar zafi na ga gilashin talabijin ɗin baƙi ƙirin.

Wallahi tsoro nake ji. In na yi shiru abin zai iya yin nisa, in na faɗa kuma na ga yadda ake fita da mutum daga gidansa. 'Yar nan ita kaɗai ta rage mini, kuma har gobe ni take tambaya kafin ta yanke komai. In gaya mata, ko in bar ta da uban da take ganin lafiyarsa ƙalau?