Daƙiƙa Takwas da Suka Rage

Riyad, 4 ga Safar

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Delou mai karanta miki wannan takarda, da duk mutanen Maradi. Karatuna lafiya lau.

Inna, ƙafar Yaya Saidou da kaya suka danne a sito ba ta warke ba. Wata uku ke nan yana kwance a ɗakin ma'aikata a unguwar Sulay. Mutumin da ya buga wa jami'a ƙwallon kwando, wanda kike cewa tsawonsa ya fi ƙarfin ƙofarki, yau sai an riƙe shi zuwa bayi.

Ranar Juma'a na same shi yana dariya. Wani abokin aikinsa ɗan Filifin ya bar masa kwalin wasa. Kowane ɗan wasan jami'a da katinsa, sai 'ya'yan ludo uku masu lamba da ake jefawa, ɗaya ja, biyu farare. Ja ya nuna wanda ƙwallo ke hannunsa, farare biyu a duba lambarsu a kati: ta shiga, ta kuskure, ko an yi ƙeta. Kowane jifa yana cin daƙiƙoƙi, shi kuma yana rubuta maki. Shi kaɗai ya shirya gasar ƙungiyoyi goma sha shida, har da masifa ga katin da ya ɓarar da ƙwallo.

Ni dai raina bai kwanta ba, don mun karanta hani a kan wasa da irin 'ya'yan nan.

Ɗanki,
Issoufou

Riyad, 25 ga Safar

Inna,

Ina gaishe ki, ina fata ciwon bayan ya yi sauƙi. Na yi ɓarna, gara ki ji daga bakina.

Da aka kai Yaya gashin ƙafa, na kwashe 'ya'yan ludon na jefa a motar shara. Ashe yana wasan ƙarshe ne, sittin da ɗaya da sittin, saura daƙiƙa takwas, ƙwallo a hannun ƙungiyar da yake so, mai maki sittin. Jifa ɗaya ya rage. Da ya dawo na karanto masa hujjata da Larabci, ina jin kaina malami. Bai zage ni ba. Ya ce, "Ka kyauta, ustaz," ya juya wa bango fuska.

Tun ranar ya daina zuwa gashin. Na ce zan sayo wasu, ya ce kada in ɗauki zunubi dominsa. Na kai wa malaminmu maganar ina jiran yabo, sai ya tambaye ni me na ajiye wa majinyacin a madadinsu. Karatun shekara biyu ne ya hau mini kai, Inna, kuma ina jin kunya.

Ki sa mu a addu'a.

Issoufou

Riyad, 19 ga Rabi'ul Awwal

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Delou.

Kafil, wato ubangidansa na aiki, ya buga wa Yaya bizar fita ba dawowa, jibi zai taso. Na raka shi asibiti karɓar takardu. Kwalin ya bar mini a kan katifa, wai in ƙone.

Ban ƙone ba, na tura shi ƙasan jakarsa. A aljihun gefe akwai ƙwallayen dabino shida, na rubuta musu ɗaya zuwa shida. A zuba a hula, a zaro, a mayar, har sau uku, lissafin duk ɗaya ne da na 'ya'yan ludon. Takardar makin tana ciki, ban taɓa ta ba.

Ba zai karɓa daga hannuna ba, amma ke ba ya iya ƙin ki. Idan ya huta, ki riƙe masa hular da kanki. Delou ta rubuto mini ko ƙwallon ta shiga. In ma bai zara ba, ta faɗa mini gaskiya.

Ɗanki mai neman gafara,
Issoufou