Masauki a Bakin Tafkin Jaɓa

Matameye, Litinin, 10 ga Mayu 1954

Zuwa ga ɗan ƙanena Isufu, komi, wato magatakarda, a biron Kwamanda, gaisuwa mai yawa. Yau tarin ya ɗan lafa, ƙafafun ne dai a kumbure.

Mutanen da yunwa ta koro daga hayin iyaka, gida tara, suna kwana a rumfunan kasuwa. Na ji takardar masaukinsu tana hannunka, wai za ka rubuta bakin tafkin Jaɓa. Isufu, ruwan nan kurkunu gare shi, shi ya tashi mutanen da suka fara zama can. Gonata ta gabas shekara huɗu ba a taɓa ta ba, rijiyar kuma lafiya lau. Babban baƙin, Illa, ya zo mun zauna har la'asar. Na daɗe ban yi hira haka ba. Rubuta gonata. Allah ya yi maka albarka.

Babanka, Sha'ibu

Damagaram, 21 ga Mayu 1954

Baba, ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi.

Kwamanda ya sa hannu, tafkin Jaɓa ne. In suka ji daɗi, wasu gida ɗari za su biyo su. Kuma kai ka koya mini cewa baƙon da ya zuba taki a gonar aro ba a tashinsa da sauƙi. Ba ka da ɗa, Baba, gonar nan ni za ta zo wa, ba na son in gaje ta da mutane a ciki. In hira kake so, ga masallaci. Ka huta lafiya.

Isufu

Matameye, Alhamis, 14 ga Yuli 1955

Isufu, ina gaishe ka. Yanzu sai da sanda nake kai ƙofar gida.

Shekara ta zagayo, kurkunun ya fito, daidai lokacin noma. A cikin maza sha huɗu, uku ke iya tsayuwa. Ciyawa ta rufe gero. Maryama matar Illa ce ke zuwa ta ɗebo mini ruwa, jiya ta nuna mini ƙafarta, tsutsar a naɗe jikin tsinke. Ta ce, "Malam, ɗan naka ya san ruwan?" Na ce mata bai sani ba. Na yi maka ƙarya da furfurata.

Na aika wa Illa su taso ran Juma'ar ƙarshen watan nan su sauka a gidana, ɗakuna shida ba kowa. Gida dai nawa ne tukuna. Wassalam.

Sha'ibu

Damagaram, 22 ga Yuli 1955

Baba, gaisuwa.

Na gode da labarin, ya yi mini amfani. Doka ta ce wanda aka ba fili bai noma ba, a mayar da shi inda ya fito. Babu wanda ya kawo rahoto sai kai. Na haɗa wasiƙarka da takardar korarsu, rubutunka har yanzu yana da kyau. Gardi biyu, 'yan sandan Kwamanda, za su zo da mota. A sha magani.

Isufu

Matameye, Asabar, 30 ga Yuli 1955

Isufu,

Na share ɗakunan da kaina, kwana uku ina yi. Jiya na shimfiɗa tabarma a zaure tun hantsi. Bayan an sauko daga masallaci aka gaya mini motar ta wuce da su ran Laraba, kuma gardi ya faɗa musu wasiƙar wa ta jawo. Duk da haka na zauna har magariba. Illa bai zo ba.

Sha'ibu