Baba, Wane Suna Za Mu Sa a Kabarinka?

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, a cikin sunan Ubangijinmu. Mu nan Jega kowa lafiya, ƙafar Mama ma ta yi sauƙi. Bayan gaisuwa, tambaya ce ta kawo ni. Na san ba amsa zan samu ba, amma ai ka saba da tambayoyina.

Da aka gama shafe kabarinka da siminti, saura rubutu, sai rigima ta tashi. Yaya Bitrus ya ce Fasto za a sa a gaban sunanka, tunda ka ƙare ƙuruciyarka a hidimar coci, kalma ɗaya ba ta yi maka yawa ba. Mama ta ce ba a taɓa naɗa ka ba, kuma ba za a ɗora maka ƙarya a ka tana raye ba. Har Yaya ya daina zuwa gaishe ta. Nan na gane ni kaina ban san matsayinka ba.

Ina ƙarama na ɗauka Lerida sunanka ne. Ran Lahadi a cocinmu na Angilikan da ke Sabon Gari, da an ce Lerida zai karanta darasi sai ka miƙe, da farar riga da shuɗin ƙyalle rataye a wuya. Sai da na girma na gane sunan aiki ne: mai karatu, wanda Bishop ya ba izinin wa'azi da bi da sujada, amma ba limamin coci ba.

Ina tuna ranakun Jibin Ubangiji, da limamin coci kaɗai ke raba gurasa mai tsarki. Kai da ka gama wa'azi mata na share hawaye, sai ka sauko ka durƙusa a layi ɗaya da mu, ka miƙa hannu Rabaran, limamin cocinmu, ya ba ka gurasa, shi da ka haifi kamarsa. Nakan saci kallon fuskarka ko zan ga wani abu. Ban taɓa gani ba. Abin ya taɓa damun ka, Baba?

Don haka na shiga tambaya. Na je Aliero wurin amininka Alhaji Mamman, wanda kake gyara wa injin ban ruwa. Na same shi ana ɗura albasa a buhu. Ya ce, "Mu dai Malam muka sanai. In ya zo gyara aka kira salla, shi ka tsare muna kaya har mu dawo." Ashe duk shekarun nan ya ɗauka kai ne shugaban cocin Jega baki ɗaya. Na yi ta ƙoƙarin yi masa bayani, ya tambaye ni ko kamar na'ibi kake, ko kuwa ladan. Muka yi dariya, sannan na ga yana goge ido da bakin rawaninsa.

Daga nan na bi hanyar Maiyama zuwa ƙaramin cocin nan na kusa da Liba, inda kake zuwa a babur. Ɗaki ɗaya ne, rufin kwano, benci na katako. Na tarar da Kaka Saratu, tsohuwar da ke share wurin. Ta gane ni tun ban faɗi sunana ba, wai goshinka gare ni. Ita Baban Coci take kiran ka. Ta ba ni labarin daminar da ruwa ya yanke hanya mijinta ya rasu, Rabaran ya kasa isowa, kai ka ajiye babur ka ratsa ruwa har ƙugu, littafin addu'a a bisa kai, ka binne shi. Ba ka taɓa faɗa mana wannan ba.

Sai ta ce wani abu da ya tsaya mini a rai: "Manya in sun zo, Allah shi albarkace ku suka cewa. Babanki kullum Allah shi albarkace mu."

Na kai wa Rabaran maganar. Ya yi murmushi ya ce ai ƙa'ida ce, mai karatu ba ya sa wa jama'a albarka da "ku", dole ya haɗa da kansa. Ya bayyana mini bambancin katikis da mai bishara da mai karatu, na ɗan fahimta. Ya kuma ce ya ji an taɓa ba ka damar zuwa makarantar limamai ka ƙi. Mama ta ce rashin lafiyar mahaifiyarka ne ya hana ka. Yaya ya ce Turanci ne ya tsorata ka. Wanne ne gaskiya? Kuma wannan "mu" ɗin, ƙa'ida kake bi, ko ko da an naɗa ka haka za ka ci gaba da faɗa? Kaka Saratu ta rantse halinka ne, ni kuma ban gaya mata zancen ƙa'ida ba.

Na tara Mama da Yaya na ba su labarin duk abin da na jiyo. Yaya ya tambayi zurfin ruwan da ka ratsa. Washegari shi da kansa ya ɗauki Mama a mota suka je wurin mai rubutu. An sa sunanka, a ƙasa an sa Mai Karatu. Ban sani ba ko shi za ka zaɓa. In mun yi kuskure ka yafe mana, Babana.

Allah ya ba ka hutawa a cikin haskensa, ya ƙara wa Mama ƙarfi, ya riƙe ɗan cocin nan na Liba da har yau bai sami mai zuwa kowace Lahadi ba. Ya haɗa fuskokinmu a ranar da zan yi maka tambayoyin nan baki da baki. Amin.

Ɗiyarka mai yawan tambaya,
Rifkatu