Baba Ya Mai da Dare Rana

Laraba da dare, Tambuwal, daminar 1979

Yau ya kamata in tashi zuwa Faransa, taron ƙungiyarmu ta masu nazarin agogon jikin ɗan Adam, wato abin da ke tsara lokacin barci da farkawa. Sanda nike ɗalibi can, ko ƙaramin ɗaki ba mu cikawa, yanzu an ce ta bunƙasa.

Ban tafi ba. Tun rasuwar Inna, Baba ya mai da dare rana, kuma ba ya yarda da kowa sai ni. Ɗazu na tarar da shi bakin zaure da hauya, wai za shi gonarmu ta Kebbe.

Na ce, "Baba, dare ne fa."

Ya kalli duhun, ya ce, "To kai da ka karanci abin ga, gyara mini mana."

Na karɓi hauyar. Sunan ciwon kawai na sani, shi ma da Faransanci.