Na gano matsalar na'urar ruwa, amma shinkafar Kawu ta tafi

Bagudo, daren Laraba, Satumba

Yau na gano matsalar. Tun farkon damina na'urar da na kafa wa Kawu Umaru a bakin kogi take aiko saƙo wai ruwa bai taso ba, alhali yana tasowa. Na zargi batir, na zargi waya, har na zargi sabis ɗin wayar ƙasar Benin da ke shigo mana. Ashe kwamfaila ce, mai mayar da rubutuna yaren na'ura. A rubutun nawa na zuba bayanai a aji biyu, ajin uwa da ajin da ya gaje shi. Ajin uwa yakan bar ɗan fili a ƙarshensa don daidaita jeri, sai kwamfailar ta cusa ma'aunin ruwa na ajin da ya gaje shi cikin wannan filin. Duk lokacin da aka kwafi uwar, sai a goge ma'aunin ya koma sifili. Layi ɗaya na canza, komai ya daidaita.

Ko wanka ban yi ba na hau babur zuwa Geza, inda fadamar shinkafar Kawu take. Na tarar da fadamar ta zama tafki, kan shinkafa kaɗai ke leƙowa. Kawu na zaune bisa kwale-kwale. Na fara yi masa bayani.

Ya ce, "Ka gyara ta? Madalla, ɗana. Sai baɗi, in da rai."

Ya miƙo mini na'urar, ya naɗe ta da tsohuwar rigarsa don kada ta jiƙe. Da ma zagina ya yi. Sai kawai ya tambaye ni ko na ci abinci.

Ga ta nan kan tabarma, na saka mata gyaran, fitilarta na ƙiftawa, tana aiki lafiya lau. Na kasa kallonta.