Bencin Gaba

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Yau mitin ɗin ƙungiyarmu ta masu gumin shinkafa. Ciyaman Alhaji Baballe ya ce kuɗin banki ya iso. Dubu ɗari huɗu nake so, in sayi shanshera kafin masu tirela su kwashe. In kakar nan ta wuce ni, tukwanena sun huta sai baɗi, gidana kuma ban san me zai ci ba. Aka ce kuɗin ruwa kashi takwas cikin ɗari duk wata. Takwas! Na saci kallon Hajiya Rahmat a bencin gaba, ko gezau ba ta yi ba. Wanda zai biya takwas ba ya zama haka.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Iveren ta zo daga Doma da doya biyu na tsaraba. Shekara tara ina sayen shinkafar gonarta, ba mu taɓa musu a kan mudu ba. Kuɗin masu yanka take nema. Ta je wurin Alhaji, ya ce tunda ba 'yar ƙungiya ba ce, sha biyu.
"Maman Auwal, kuɗi ɗaya ne fa. Me ya sa nawa yana da tsada?"
Na ce mata ɓarayi ne, dukansu. Muka yi dariya, amma raina a ɓace yake.

Litinin, 14 ga Oktoba
Na je bankin da kaina. Awa uku a kan layi. Ma'aikacin ya ce ƙungiya suke ba wa, a kashi biyu, don Alhaji yana da takardun fili da wasiƙa daga sama. Na ce to ni ma a ba ni a biyun, ga ni ga tukwanena, shekara goma sha biyar ban ci na kowa ba. Wai, "Hajiya, mu ba mu san ki ba. Alhaji muka sani."
Biyu a banki, takwas a hannuna. Shidan nan cikin aljihun wa take kwana?

Laraba, 16 ga Oktoba
Na faɗa wa duk matan da ke layi a wurin injin casar shinkafa. Da ƙarfi ma.

Asabar, 19 ga Oktoba
Rahmat ta aiko mini da alkaki. Tun da nake da ita ko ruwa ba ta taɓa ba ni ba. Na ba kaji kaɗan tukuna, na jira.

Laraba, 23 ga Oktoba
Ashe aike ne. Ta zo da kanta, ta zauna a kan turmina tana fifita da gyale. Uku take biya, ta faɗa ba kunya. Duk 'yan bencin gaba uku suke biya, su kuma a zaɓen ƙungiya na Disamba kowace ta kawo wa Alhaji hannu goma. "Ke mata suna jin maganarki, Zuwairatu. Bakin nan naki, ki yi amfani da shi mana." Wai ni ma a ukun za a ba ni, ninki biyu na abin da na nema, abin da ya ragu in juya shi.
Na ce zan yi tunani. Tarko ne, na sani. Buhu ya ƙara dubu uku a satin nan.

Juma'a, 1 ga Nuwamba
Na sa hannu. Don yara na yi. Ban karanta takardar duka ba.

Talata, 5 ga Nuwamba
Iveren ta dawo, shinkafarta ta fara zuba a gona. Na ba ta dubu ɗari uku a kashi bakwai. Ai bakwai ya fi sha biyu sauƙi, taimako ne, kowa ya gani. Ta durƙusa tana godiya har na ji kunya. Da za ta fita ta juyo.
"Ke nawa suna ba ki, Maman Auwal?"
Na ce takwas.
"Kai! Kina faɗuwa saboda ni?" Ta ce gobe za ta aiko mini da doya.
Mitin jiya na zauna a gaba. Bencin yana da majingina, ban taɓa lura ba. Wata a baya tana ta kallona, ban juya ba.